Kaskon Gawayi a Hawa na Biyar

Shekara shida na yi a Rasha ina karatu. Na ga kogi ya daskare har mutane suna tsallaka shi da ƙafa, na ga gemun mutum ya yi fari fat da numfashinsa. Amma ban taɓa kwana da hula da safa biyu ba sai a Alƙahira. A Rasha sanyi a bakin ƙofa yake tsayawa, kana shiga gida sai ka tuɓe kwat ka zauna da singileti. Gidajen Masar kuwa don zafi aka gina su, ƙasa tayil, bango siminti, tagogi manya-manya. Idan sanyi ya shiga, ya sami masauki ke nan. Sau da yawa titi ya fi ɗaki ɗumi.

Haihuwa ce ta kai ni a shekarar. 'Yata ta fari, wadda take aure a can, ta sami ɗa namiji. Mijinta ɗalibi ne a jami'ar da ke Darrasa, suna haya a hawa na biyar na wani bene a Ainu Shams, ɗaki biyu da falo. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, don haka yayata ce ta zo yi mata wankan jego. Yaya ta girme ni da shekara tara, ita ta goye ni, kuma wannan ne hawanta jirgi na farko in ka cire na aikin hajji. Ita da mai jego da jariri suka ɗauki babban ɗakin. Surukina ya bar mini ƙaramin, shi ya koma kwana a falo tsakanin littattafansa.

A gidanmu ana kunyar ɗan fari, kuma ba da wasa ba. Na zauna Jidda, na zauna Yamai, na yi aiki a Legas da Bur Sudan, ina jin harsuna biyar, amma tun ranar da aka raɗa wa yarinyar nan suna bakina bai taɓa furta shi ba. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan". Ɗakinta kuwa, balle tana jego, ko kallon ƙofarsa ba na yi. Jikan ma sau ɗaya aka miƙo mini shi ranar suna, na tofa masa addu'a na mayar.

Kwana huɗu bayan suna iska ta taso daga teku. A talabijin muka ga igiyar ruwa tana tsallake shinge tana hawa titi a Iskandariyya. Kafin yamma ta iso mu. Aka kwana biyu ana ruwa, wani lokaci da ƙanƙara kamar tsakuwa, lungunan unguwar suka cika har gwiwa. A safiya ta uku na leƙa baranda na tarar saman ruwan bokiti ya daskare. Mai gadin benen, wani dattijo daga kudancin Masar, ya rantse mini tunda ya zo birnin bai taɓa ganin irinsa ba. Ya naɗe kansa da rawani biyu, idanu kawai ake gani.

Hita ɗaya ce a gidan, 'yar ƙarama mai sanda biyu, ita ma tana ɗakin mai jego. Da asubar ranar aka ɗauke wuta.

Yaya dai ba ta fasa komai ba. Ta dafa ruwa a babbar tukunya a kan gas, ta zuba busasshen ganyen darbejiyar da ta taho da shi a jaka, ta yi wa mai jego wankan safe tana mita, wai wutar gas ba ta ratsa ruwa kamar ta itace. Daga nan na ji tana yage wani tsohon zane. Ta bi tagar ɗakin ta cusa tsumma a kowace kafa, ta bi da salatif ta liƙe. Ina zaune a falo cikin bargo ina jin ƙarar salatif ɗin, ban kawo komai a raina ba. Ni ma da haka zan yi.

Wajen ƙarfe goma sai ga ta ta shigo daga baranda riƙe da kasko cike da garwashi. Wurin maƙwabciyarmu ta aro shi. Wata Hajiya ce da ƙofarta ke kallon tamu, Bahaushiyar Sudan, kakanninta ne suka taso aikin hajji a ƙasa suka zauna a hanya. A kan wannan kaskon take soya gahawa a barandarta kowace yamma.

Na ce, "Yaya, ina za a kai wannan?"

"Inda ake kai shi."

"Ɗakin nan fa a rufe yake ruf."

"To a buɗe zan bar shi? Mai jego ce a ciki, ba buhun albasa ba."

Na miƙe da bargona. Na ce mata gawayi yana fitar da wata iska mai kisa idan ba ta sami hanyar fita ba. Ta ɗaga kaskon har kusa da fuskata.

"Ka ga hayaƙi? Duba da kyau, da gilashinka da komai. Sai da ya gama ruruwa a waje na ɗauko."

"Ba a ganinta, Yaya. Ba ta da wari ma."

"Abin da ba a gani, ba a jin warinsa, ai aljani ke nan. Na yi addu'a." Ta yi dariya. "Baturen gidanmu. Haihuwa tara na yi, kowacce da wuta a ƙarƙashin gado. Uwar yarinyar nan ma wa ya gasa ta? Kana ina lokacin? Kana can kana cin dankali."

Ba ƙarya ta yi ba. Amma ɗakunan da ta yi jego a cikinsu na san su. Rufin azara ne, da 'yar taga a sama wadda ba a taɓa toshewa, da asabari a bakin ƙofa, iska tana shiga tana fita yadda ta so. Na buɗe baki zan faɗi haka, sai ta rage murya.

"Ka taɓa ƙafar yaron nan yau da safe? Ba ka taɓa ba. Ni na taɓa. Kamar ƙarfe. Ko nono ya ƙi kamawa sosai. Ita kuma in sanyi ya shige ta yanzu, ya zauna ke nan har tsufanta. Kai za ka yi jinyarta?"

Ta juya ta shiga, ta tura ƙofa da ƙafa. Na ji tana jan wani abu mai nauyi tana toshe ƙasan ƙofar.

Surukina yana shirin fita, yana da jarrabawa a Darrasa, ya sa leda a kan safarsa kafin ya sa takalmi. Ya durƙusa zai yi mini sallama. Na ce, "Malam, ka duba maganar tagar can kafin ka tafi."

"To, Baba."

Ya je bakin ƙofar ya yi magana ƙasa-ƙasa. Na ji muryar Yaya ta amsa, gajeruwar amsa. Ya dawo kansa a sunkuye. "Baba, Gwaggo ta ce da zarar ɗakin ya yi ɗumi za ta buɗe." Na san ba za ta buɗe ba. Shi ma ya sani. Amma maganar ta ba ni damar komawa in zauna, sai na karɓe ta. Ya fita.

Lokacin da nake ɗalibi a Rasha an taɓa kai mu wani ƙauye aikin gona, aka sauke ni gidan wata tsohuwa mai katon murhu a tsakiyar ɗaki. Wata rana na ga itacen ya gama ci, na miƙa hannu na rufe murfin bututun hayaƙin don kada ɗumi ya gudu. Tsohuwar ta doke mini hannu da ludayi. Ta buɗe murfin, ta tona tokar ta nuna mini ɗan harshen wuta shuɗi yana lasar garwashi. Sannan ta ja ni taga ta nuna mini maƙabartar ƙauyen. Wannan tsohuwar ce ta zauna tare da ni a falon nan na Ainu Shams, ina kallon ƙofar da ban isa in ƙwanƙwasa ba.

Sai na koma sauraro. Da farko komai lafiya. Yaya tana yi wa jaririn wasa tana kiransa mijinta, yarinyar tana dariya. Yaron ya yi kuka, aka lallashe shi. Na ce a raina wataƙila tagar ba ta liƙu sosai ba, gidajen nan ai ba su rasa kafa. Na ɗauki littafi na buɗe, ban karanta layi ɗaya ba.

Wajen sha biyu saura na ji muryar yarinyar: "Gwaggo, kaina ke sarawa."

"Rashin barci ne. Kwanta."

Na miƙe. Na isa har bakin ƙofar, hannuna ya tashi. Sai na tuna wataƙila shayarwa take yi, wataƙila ɗaurin ƙirji ne kawai a jikinta. Na ga fuskar Yaya idan ta buɗe ta gan ni tsaye a ƙofar mai jego, na ji abin da za ta faɗa, da yadda labarin zai riga ni komawa gida. Na sauke hannun. Na je kicin na dafa shayin da ban sha ba.

Abin da na yi ke nan. Na sha juya shi a raina ta kowace fuska, bai taɓa canza kama ba.

Bayan haka gidan ya yi tsit. Ruwa kawai ke diga daga barandar sama a kan tamu. Na ce barci suke yi, ɗumi ya ratsa su. Na duba agogo, na sake dubawa.

Aka kira azahar. Wuta ba ta dawo ba, don haka ladanin da bakinsa ya yi kiran daga ƙasan lungu. Yaya ba ta taɓa bari ladan ya kai ƙarshe ba tare da ta fito da butarta ba. Tun muna yara haka take, ko zazzaɓi take yi. Ladanin ya gama. Ƙofar ba ta motsa ba.

Na tsaya a bakinta na yi sallama. Shiru. Na ƙwanƙwasa. "Yaya." Na ƙara ƙarfi. "Yaya! An kira salla." Na buga da tafin hannu har ƙofar ta girgiza. "Ke! Ke yarinyar nan!"

Sai na kira sunanta. Ya fito mini wani iri, kamar kalmar wani harshe da na koya na manta. Na sake kira da iyakar muryata. Ba wanda ya amsa.

Ƙofar ba a kulle take ba, bargo ne aka naɗe aka tokare ƙasanta da shi. Na sa kafaɗa. A turawa ta uku ta buɗe, ɗumi ya daki fuskata, ɗumi mai daɗi, irin wanda jikina yake nema kwana uku. Na ja numfashi daga falo na riƙe na shiga.

Yaya tana zaune a kan darduma ta jingina da kwaba, kanta ya faɗo a ƙirji, carbi a hannunta, ta yi amai a zaninta. Yarinyar tana kwance a gado ta gefe, hannunta ɗaya ya zubo ƙasa. Jaririn yana jikinta cikin tawul. Kaskon yana ƙarƙashin gadon, jajir.

Yaron na fara ɗauka. Ba nauyi, kansa ya langaɓe a hannuna. Na fita da shi na buɗe ƙofar baranda gaba ɗaya na kwantar da shi a kujerar da ke kusa. Na koma. Tagar ta ƙi buɗuwa, salatif ya riƙe ta, katakon kuma ya kumbura da ruwa. Na ɗauki kujerar roba na doki gilashin, ya tsage, na sake doka ya zube. Na janyo kaskon da hannu na fita da shi baranda na ajiye a cikin ruwan sama. Sai daga baya na san hannun ya ƙone.

Kaina ya fara juyawa. Na sa hannu a hammatar yarinyar na ja ta daga gado. Tun tana jaririya ban taɓa ɗaukarta ba. Na ja ta a kan tayil har falo, ƙafafunta suna bin ƙasa. Na koma na ja Yaya, wadda ta fi ta nauyi, sai da na huta sau biyu tsakanin ɗakin da falo.

Na buɗe ƙofar gida na yi ihu a matattakala. Abin da ya fara fito mini Rashanci ne, ban san dalili ba. Sannan Larabci ya zo. Ƙofofi suka fara buɗuwa sama da ƙasa.

Hajiyar Sudan ce ta fara isowa, ba ko mayafi. Tana ganin kaskonta a baranda ta dafe kai. "Innalillahi. Ya Hajj, a ɗaki ta sa? Na ce mata a baranda nake hurawa, wallahi na ce mata!" Ba ta jira amsa ba, ta sure jaririn, ta buɗe tawul ta kara kunne a ƙirjinsa, ta murza tafin ƙafarsa da babban yatsa. "Yana numfashi. Kaɗan-kaɗan, amma yana yi." Bai yi kuka ba. Ta tsunkule shi, bai yi ba.

Wani ya kira motar asibiti, aka ce ba za ta iya shigowa lungun ba saboda ruwa. Mai gadi ya hau da maza huɗu. Suka sa Yaya a bargo suka kama kusurwoyi, suka yi haka da yarinyar, suna sauka hawa biyar suna yi wa juna tsawa, "A hankali! Kanta, kanta!" A ƙasa an riga an tsayar da keke mai ƙafa uku guda biyu, irin wanda suke kira tuk-tuk. Hajiya ta shiga ɗaya da yarinyar, mai gadi ya riƙe Yaya a ɗayan. Na shiga keken da Hajiya take, ta cusa mini jaririn a cikin rigata, fatarsa a kan fatata. "Ka riƙe shi nan, ka bar fuskarsa a waje. Yalla!"

Ruwa yana shigowa keken har idon sawu. Direban yana tuƙi yana danna oda yana ihu a ba shi hanya, mutane suna tsalle gefe. Sau ɗaya injin ya mutu a tsakiyar wani tafki, masu shaguna suka shigo ruwan da jallabiyoyinsu suka tura mu ba wanda ya roƙe su. Ni dai yatsana yana kan ƙirjin yaron ina ƙirga motsinsa. Wani lokaci sai in rasa shi, in daina numfashi ni ma, sannan ya dawo.

A asibitin, wata likita matashiya ce ta tarbe mu. Kallo ɗaya ta yi musu ta ce, "Gawayi ko hitar gas?" Ba mu ne na farko ba a ranar. Aka sa wa matan abin shaƙar iska a fuska, aka karɓe yaron daga rigata aka wuce da shi ciki. Likitar ta dawo da takarda a hannu.

"Ya Hajj, awa nawa suka yi a ɗakin?"

"Kusan uku."

"Ba kowa a gidan?"

"Ina nan. Ina falo."

"Ba ka san akwai gawayi a ciki ba?"

"Na sani," na ce. "Na kuma san abin da yake yi."

Ta ɗago ta dube ni. Na ga tambayar a idonta, kuma Larabcina ya isa in amsa ta, amma ban ga ta inda zan fara ba. Ta rubuta abin da za ta rubuta ta wuce.

Yarinyar ce ta fara farfaɗowa, bayan la'asar. Ta yi ta amai, tana tambayar ɗanta. Mijinta ya iso jiƙe sharkaf. Likitar ta yi mana bayani a tsaye a baranda. Yaron yana cikin akwatin gilashi ana ba shi iska. Jininsa yana washewa, amma jariri ba a gane inda abin ya taɓa sai ya farka sosai. Idan ya yi kuka ya kama nono, alama ce mai kyau. Idan bai kama ba zuwa gobe, za a mayar da shi babban asibiti, kuma kada mu sa rai da yawa cewa zai tashi kamar sauran yara.

A kan benci muka kwana, ni da surukina, kowa yana kallon gabansa.

Yaya ba ta buɗe ido ba sai da hantsi. Ta rayu shekaru bayan haka, amma hannunta na dama bai daina rawa ba, kuma takan tsaya a tsakiyar magana tana neman kalmar da ta sani tun tana yarinya. Da safen nan ta daɗe tana kallon rufin ɗakin kafin ta gane ni. Ta janye abin da ke fuskarta.

"An yi wankan safe?"

"Ba a yi ba, Yaya. Asibiti muke."

Na ga abin yana dawo mata a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Leɓenta ya fara motsi.

"Yaron fa?"

Na ce ana dubawa. Ta juya fuskarta bango.

Wajen sha ɗaya wata nas ta fito da shi a naɗe, za a kai wa uwarsa a gwada. Idonsa a buɗe yake, amma shiru, kamar mai kallon wani abu daga nesa. Hajiyar Sudan, wadda ta dawo tun da sassafe da fulas ɗin shayi, ta bi bayan nas ɗin suka shiga. Surukina ya tsaya daga bakin ƙofa ta ciki. Ni na tsaya a waje, na jingina da bango inda zan ji.

Na ji muryar yarinyar tana lallashinsa. Na ji Hajiya tana cewa, "Ɗaga kansa kaɗan. A'a, ba haka ba, matso shi." Shiru. "Ɗiga masa a leɓe." Shiru kuma, mai tsawo. Nas ɗin ta faɗi wani abu da ban ji ba. Yarinyar ta fara kuka ƙasa-ƙasa. Wani mai shara ya zo da tsintsiyarsa ya ce in ɗaga ƙafa, na ɗaga, ya share ya wuce.

Sai wata 'yar ƙara ta fito, kamar ta ɗan akuya da aka taka. Ta tsaya. Ta dawo da ƙarfi, ta zama kuka sosai, na fushi, wanda ya cika barandar har wata mata da ke wucewa ta waiwaya. Kukan ya katse tsaka-tsaki, kamar an toshe bakin.

Hajiya ta leƙo, fuskarta jiƙe.

"Ya kama, ya Hajj. Yana ja har da gurnani."

Na bi bango har ɗakin da Yaya take. Tana nan yadda na bar ta, fuska a bango. Na sunkuya kusa da kunnenta na gaya mata. Ba ta juyo ba. Kafaɗarta ta yi ta girgiza na wani lokaci, sannan ta share hanci da gefen mayafi.

"To," ta ce. "A samu wanda zai dama mata kunu. Tun jiya ba abin da ta ci."